Yadda na fara ɗurin harsashin ƙaramar bindiga da hannuna a Amurka

Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe ina juya maganar nan a raina kafin in zauna in rubuta ta, sabida ni ɗan Zamfara ne, kuma kalmar harsashi a wajenmu ba kalmar da ake faɗa ana murmushi bace, babu gidan da bai san wani da bindiga ta raba da duniya ko ta raba da gonarsa ba. Amma 'yan uwa da muke zaune nan Amurka sun dame ni da tambaya tun ranar da wani ya shigo garejina yaga injin ɗurin harsashi da ke ɗaure jikin tebur, wasu na cewa nawa ake kashewa, wasu na cewa ba haɗari, wani ma yace in tura masa awon albarushi ta WhatsApp kawai shi zai ƙarasa sauran, to wannan na ƙarshen shi yasa nace gara in yi bayani a tsanake.

Kafin komai, wanda ke gida Najeriya yana karanta wannan, wannan aikin ba naka bane. Dokar makamai ta 1959 ta saka libarba da fistol cikin makaman da aka haramta wa mutum riƙewa sai da izinin shugaban ƙasa, ƙera harsashi kuma aikin hukuma ne, shi yasa aka kafa DICON, masana'antar ƙera makamai ta gwamnati, a Kaduna tun 1964. Nan Amurka kuwa doka ta yarda mutum ya ɗura harsashinsa don amfanin kansa, amma in zai sayar sai ya nemi lasisin gwamnatin tarayya. Sannan akwai abin da 'yan uwanmu ɗalibai basu cika sani ba kuma yana iya jefa mutum cikin bala'i: wanda ya shigo da bizar karatu ko ta ziyara, dokar tarayya ta hana shi mallakar bindiga da harsashi sai in ya faɗa cikin 'yan keɓantattun da aka ware kamar mai lasisin farauta, kuma a fassarar dokar har sassan harsashi, wato kwanso da firaima mai tada wuta da albarushi, duk harsashi ake kiransu. Jihohi ma kowace da nata ƙarin, abin da ya halatta a Texas inda nake ba lallai ya halatta a Kalifoniya ko New York ba. Ka fara sanin matsayin takardunka kafin ka taɓa komai.

Kakana maharbi ne. Ina ƙarami nakan zauna kusa da shi yana ɗura bindigar toka, irin wadda ake cewa harba ka ruga, ya zuba albarushi a tafin hannu ya dube shi da ido, ya juye a bakin bindiga, ya tura tsumma da sanda ya danna, sannan ya zuba 'yan ƙarafa. Baya magana in yana ɗuri, mu ma bama magana, in wani yaro ya matso sai ya ɗaga masa hannu kawai. Na yi shekaru ban tuna wannan zaman ba sai da na tsinci kaina a garejin maƙwabcina, wani dattijon Bature tsohon soja, naga shi ma ya yi shiru irin wancan shirun yana leƙa cikin kwanso ɗaya bayan ɗaya da tocila.

Shi ne ya fara kaini filin harbi. Abin da ya fara bani mamaki shi ne duk sanda muka gama sai ya durƙusa yana tsince kwanson da muka harba yana zubawa a bokiti, nace Baba wannan ai shara ce, yace a'a wannan shi ne mafi tsada a jikin harsashi kuma ana iya sake amfani da shi sau da yawa. Harsashi abu huɗu ne aka haɗa. Akwai kwanso na tagulla, akwai firaima wato ɗan ƙaramin maɓallin nan da ke gindin kwanso wanda allurar bindiga ke bugawa ya bada tartsatsi, akwai albarushi, sai kan harsashin da ke fita. In ka harba, sauran ukun sun tafi, kwanso ya rage, to ɗuri shi ne ka mayar masa da ukun nan. A baki abin kamar ba wuya.

Ni da irin harsashin da ake kira .38 Special na fara, kuma duk wanda ya tambaye ni da ita nake cewa ya fara in yana da libarba. Kwansonta miƙaƙƙe ne bashi da wuya ko kafaɗa, libarba bata watsar da kwanso a ƙasa, a hannunka kake zazzage su, kuma ƙarfin matsin da take aiki da shi kaɗan ne, ƙungiyar SAAMI da ke tsara ma'aunin masana'antun harsashi tun 1926 ta saka iyakarta a 17,000 a awon matsi na psi, ita kuwa 9mm iyakarta 35,000, kaga ya ninka har da ɗoriya. Kwanson 9mm ƙarami ne, in ka tura kan harsashi ya nutse fiye da yadda littafi yace ko da ɗan kaɗan ne, wurin da ya rage wa albarushi ya matse, matsi sai ya yi sama. Shi yasa ban so sabon shiga ya fara da ita duk da ita ce kowa ke riƙewa.

Amma .38 ɗin ma tana da nata tarkon, kuma tarko ne babba. Kamfanin Smith & Wesson ya fito da ita tun 1898, lokacin da baƙin albarushi irin na su kakana ake ɗura mata, shi yasa kwansonta ke da zurfi. Albarushin zamani marar hayaƙi, wanda wani Bafaranshe Paul Vieille ya fara samarwa a 1884, ƙarfinsa ya wuce na baƙin nesa ba kusa ba, ɗan kaɗan ake zubawa ya kwanta can ƙasan kwanso. Ma'ana kana iya zuba awo biyu a kwanso ɗaya bai cika ba bare ya zube ka gani. Awo biyu kuwa yana iya fasa gangar libarba a hannunka. Dattijon nan yana da wata tsohuwar ganga da ta tsage ajiye a kan shelf, yace ta wani abokinsa ce, baya ƙara komai a kan labarin, in sabon mutum ya zo koyo sai ya miƙa masa ita ya riƙe.

Nan ne hanyata ta rabu da ta kakana. Shi ido da tafin hannu sun ishe shi, ni kuwa in na gwada haka na kashe kaina. Awon albarushin zamani da giren ake yinsa, giren 7,000 ne a fam ɗaya, giren ɗaya kuma bai kai miligiram 65 ba, kuma a harsashin ƙaramar bindiga tsakanin awon farawa da awon ƙarshe da aka yarda da shi sau da yawa bai wuce giren ɗaya ba, wani lokacin ma bai kai ba. Wannan ba abin da ido zai raba bane. Don haka bazan rubuta ko lamba ɗaya ta awo a nan ba, kuma duk wanda ya turo maka awo ta waya ko ka gani a Facebook ko YouTube kar ka ɗauka ko da kuwa ni ne. Kowane albarushi da saurin cinsa, kowane kan harsashi da nauyinsa da tsawonsa, in ɗaya ya canja lissafi ya canja gaba ɗaya. Littafin ɗuri ake saya, Lyman suna da nasu, Hornady suna da nasu, Speer ma haka, kamfanonin albarushi irin Hodgdon suna wallafa nasu awon da suka gwada a ɗakin gwaji da na'urar auna matsi. Maƙwabcina bai bari na taɓa inji ba sai da na karance babobin farko na littafin sau biyu, ya yi ta min tambayoyi kamar mai karɓar hadda. Ƙa'idarsa ita ce ka duba awo a wuri biyu daban, ka fara daga mafi ƙanƙanta, kuma kar ka taɓa wuce na ƙarshe ko da wa ya faɗa maka.

Kayan aiki ba wasu masu yawa bane. Inji mai yin aiki ɗaya a lokaci ɗaya, ni RCBS Rock Chucker na saya na hannu, na Lee ya fi araha kuma yana yi. Ƙarafunan da ake ɗaurawa a kansa da suke cewa dayis, ka nemi masu zoben kabaid don kar sai ka shafa wa kwanso mai. Sikeli mai kyau, da 'yan duwatsun gwaji da zaka tabbatar sikelin bai yi maka ƙarya ba. Abin awon tsawo, katako mai ramuka da ake jera kwanso, tabarau na kare ido, da wata 'yar guduma ta roba da ake warware harsashi da ita in an yi kuskure. Masu injin kamfanin Dillon zasu ce maka nasu injin yana fidda ɗaruruwa a awa ɗaya, gaskiya ne, amma yana yin abubuwa huɗu ko biyar a jan hannu ɗaya, sabon shiga idonsa bazai iya bin su duka ba. Ka bari sai hannunka ya faɗa.

Aikin kansa ga yadda nake yinsa. In wanke kwanso, in duba kowane ɗaya a haske, wanda bakinsa ya tsage ko ya kumbura in matse shi da filaya in jefa a bokitin shara don kar ya dawo. In leƙa ciki kuma, sabida in kaga rami biyu a ƙasa maimakon ɗaya a tsakiya to irin na Berdan ne, zai karya maka allurar da ke ture tsohuwar firaima, wanda ake ɗurawa cikin sauƙi shi ne irin na Boxer. Na ƙarfe da na alminiyam ma ban ɗauka. Daga nan in mayar da kwanso girmansa na asali tunda harbi na buɗa shi, in saka sabuwar firaima in shafa da yatsa in tabbatar ta ɗan nutse bata taso ba, in ɗan buɗa bakin kwanso, in zuba albarushi, in ɗora kan harsashi in auna tsawo, sannan in matse bakin. Hamsin nake yi a zama ɗaya, in gama mataki ɗaya a kan hamsin ɗin duka kafin in koma na gaba.

Yanzu ga abin da ya faru da ni, wanda shi ne ainihin dalilin rubutun nan.

Wata na huɗu da farawa ne, na fara jin hannuna ya saba. Ranar Asabar da rana ina tsakiyar zuba albarushi waya ta yi ƙara, yayata ce daga Gusau, kuma kowa ya san in aka kira ka daga gida a irin wannan lokacin gabanka faɗuwa yake, na ɗauka. Lafiya lau ce, maganar kuɗin makarantar yara ce, muka yi kamar minti goma ina tsaye wayar na kafaɗa, da muka gama na dawo na cigaba daga inda nake zaton na tsaya. Ban haska tocila na bi layi ɗaya bayan ɗaya ba kamar yadda aka koya min, don a raina na san inda nake. Na ɗora kawuna na rufe akwati.

Sati na zagayowa muna filin harbi, na harba ɗaya, biyu, uku lafiya, na huɗu sai naji wani ɗan sauti fus, bindigar ko motsi bata yi ba. Wallahi yatsana ya riga ya fara jan kunama karo na biyar, ban ma gama fahimtar me naji ba, sai naji hannun dattijon nan ya danne min hannu ƙasa yana cewa tsaya, tsaya. Ya karɓa ya buɗe ya zazzage sauran, ya leƙa bututun ta baya, duhu. Kwanson da na tsallake ne babu albarushi a ciki, ƙarfin firaima kaɗai ya tura kan harsashin ya shiga bututu ya maƙale a tsakiya. Da na harba na gaba da ya je ya same shi a can, kuma bututun da aka toshe in matsi ya taru a bayansa ko ya kumbura ko ya fashe, hannuna da fuskata suna wurin, ga mutane a dama da hagu. Na zauna a benci ƙafafuna na rawa ina ta innalillahi a zuciya. Shi kuwa bai yi min faɗa ba, ya ɗauko sandar tagulla ya bugo kan harsashin ya fito, ya saka min a tafin hannu yace ɗana in akwai wanda babu komai a ciki, ina albarushinsa ya tafi? Nan naji wani sabon tsoro, don yana yiwuwa na zuba shi a kwanson da ke kusa, wato akwai mai awo biyu cikin akwatin.

Daren ranar na zauna da gudumar roba na warware sauran arba'in da shida ɗaya bayan ɗaya ina auna abin da ke cikin kowanne. Ban sami mai biyu ba, Allah ya tsare, amma ban san haka ba sai da na buɗe na ƙarshe.

Tun daga ranar waya bata shiga gareji. Na gaya wa uwargida in ina ciki ko wa ya kira tace zan kira, ita ma ta fi kowa son hakan. Gwangwanin albarushi ɗaya tak ke hawa tebur, sauran suna can wani wuri, in na gama in mayar da ragowar cikin gwangwaninsa na asali nan take, don albarushi biyu suna iya kama da juna a ido alhali ɗaya ya fi ɗaya saurin ci nesa. In na zuba wa hamsin sai in miƙe tsaye in haska tocila in bi su layi layi, duk wanda tsayin albarushinsa ya bambanta da na 'yan uwansa in juye in sake. In na gaji ko raina a ɓace yake ko ina azumi yamma ta yi, ban ɗura. Kowane akwati da takardarsa, ranar da aka yi, wane albarushi, wane kai, karo na nawa ne kwanson. Ajiya kuma wuri mai sanyi marar laima, wanda a Texas ba ƙaramin aiki bane, firaima a cikin fakitinta na kamfani, ba a juye su wuri ɗaya a kwalba don in ɗaya ta tashi duka ne zasu tashi, kuma komai a kulle inda yara basa kai.

Akwai haɗari na biyu wanda baya ƙara baya hayaƙi, kuma shi ne naga 'yan uwa basa ɗauka da muhimmanci, wato dalma. Kan harsashi yawanci dalma ce, firaima ma yawancinta akwai sinadarin dalma a ciki, shi yasa baƙin da ke jikin tsohon kwanso da ƙurar da ke tashi daga injin goge kwanso duk guba ce. Ni ba sai an yi min wa'azi a kan wannan ba. A 2010 gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a Zamfara, a ƙauyuka irin su Dareta da Yargalma da Bagega, iyaye suna niƙa duwatsun zinariya a cikin gida suna neman abinci, ƙura na sauka a ƙasan da yara ke rarrafe, ba wanda ya san abin da ke kashe su sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka zo aka gano. Duk sanda na buɗe bokitin kwanso sai na tuna. Don haka na bar gogewa a bushe na koma wankewa da ruwa, ina saka safar hannu, ban ci ban sha a gareji, rigar aikin da takalmin a can suke kwana, in wanke hannu da fuska da sabulu kafin in ɗauki ƙaramar 'yata. Duk shekara in naje asibiti ina cewa likita ya haɗa da gwajin dalma a jini, na sa an yi wa yaran ma. Mai mata mai ciki ko jariri a gida ya yi tunani sosai kafin ya shigo da wannan aiki kusa da ɗakin kwana.

Maganar kuɗi kuwa, wadda ita ce kowa ke fara tambaya. A 9mm ribar kaɗan ce, in ka lissafa kuɗin inji da lokacinka wani sa'in gara ka sayi na kamfani. A .38 da .357 Magnum da .45 ana ganin bambanci, amma sai ka ɗura dubbai kafin kayan aikin su biya kansu, kuma yawancinmu abin da muka rage a harbi yake sake tafiya. A 2020 da 2021 lokacin korona firaima ta ɓace a shaguna, wadda nake saya dala talatin da 'yan kai dubu ɗaya sai da na ganta ta haura ɗari, kuma in ka yi oda ta intanet akwai ƙarin kuɗin dakon kaya masu haɗari. Wanda ya shigo don arha kawai zai yi saurin gajiya, mai saurin gajiya kuma shi ke tsallake tocila.

Ni abin da ya riƙe ni daban ne. Ina son in harba abu mai laushi wanda baya dukan hannu, in ga ramuka shida sun taru wuri ɗaya a takarda, in san ni na auna kowanne. Ina son awa biyun nan na shiru bayan hayaniyar aikin sati. In kana nan kusa kuma takardunka sun baka dama, ka nemi wanda ya daɗe yana yi ka zauna gefensa kamar sau uku kana kallo kafin ka sayi ko allura, a kulob ɗin harbi ba a rasa irin dattijan nan kuma suna son a tambaye su.

Maƙwabcin nawa yanzu idonsa ya yi rauni, ya daina ɗuri tun bara. Ranar Asabar yakan turo kujerarsa ya zauna bakin garejina, in na zuba wa hamsin na haska na gama sai in miƙa masa katakon da tocilar shi ma ya bi, duk da na san da ƙyar yake gani. Kan harsashin nan da ya bugo min daga bututu yana nan na ɗaure shi da zare jikin sikeli.